Sunan Da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Shekara shida da haihuwar Mahbub, Kalsum ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, ita kuwa daga wani ƙauye a bayan Bichi ta fito, inda uwar da ta ambaci sunan ɗanta na fari sai an yi ta nuna ta da baki. Ta zo unguwar Agege a Legas da kunyarta cif, kamar yadda ta zo da kwanukan jerenta. In za ta ba shi abinci sai ta ce, "Kai, ungo," tana kallon bango.

Shi ma yaron bangon yake kallo. Matan gidan haya suka yi ta yabo: ga ɗa mai kunya, ba ya haɗa ido da manya. Wuni yake a bakin ƙofa yana jera albasar da ubansa Isma'ila ke kawowa daga kasuwar Mile 12, daga babba zuwa ƙarama, wanda duk ya taɓa ɗaya kuwa ya jawo wa gidan ihu. In jirgin ƙasa ya wuce sai ya toshe kunnuwa ya yi ta buga kai a gini. Magana kuwa, ko "Umma" bai taɓa cewa ba. Aka ce nauyin baki ne, zai yi. Aka ce linzamin harshe ne, wanzami ya yanke. Aka ce iska ce, ya sha hayaƙi har tufafinsa suka daina ƙamshin sabulu. Kowa likita ne a kan ɗan wani.

Maƙwabciyarta Asama'u, haifaffiyar Legas mai shara a wata makaranta, ita ta tare ta a bakin famfo.

"Maman Mahbub, wallahi wannan ba aljani ba ne. An zo skul ɗinmu an yi mana bayanin irinsu. Gobe mu shiga motar danfo mu je asibiti, abeg."

Sun bi layi tun hantsi har bayan azahar. Likitar Bayerabiya ce, Asama'u ke fassara.

"Ta ce in kin kira sunansa, yana waiwayowa?"

Kalsum ta sunkuyar da kai. "Ai ɗan fari ne."

"Ta ce yana jariri, in kina ba shi nono, yana kallon idonki?"

Ina za ta sani? Lulluɓe shi take yi da mayafi ta kau da fuska, kada surukarta ta ce ba ta da ta ido.

Likitar ta daɗe tana wasa da yaron, sannan ta yi bayani a hankali. Galahanga ake kiran lalurar, haka aka haife shi, ba laifin kowa ba ne. Sai dai tun yaro yana shekara biyu ake ganin alamunta, kuma in aka fara koya masa da wuri abin ya fi kamawa. Mai koya wa irinsu magana mutum ɗaya ce a asibitin, ba ta jin Hausa, layinta kuma sai nan da wata goma. Duk cikin bayanin nan, "da wuri" kawai Kalsum ta ɗauko, shi ya yi ta cin zuciyarta har gida.

Isma'ila ba mugu ba ne, gajiya ce ta cinye shi. Ya juya takardar asibitin gaba da baya.

"Wata goma, Kalsum. Mai gida wata ɗaya ya ba mu saboda ihun nan. Ran Juma'a motar albasa za ta koma gida, Mu'azu ƙanena zai kai shi wurin Inna. Can akwai fili, babu jirgi. Dama ɗan fari ai na kaka ne."

Ta san filin. Ta san Ɗanliti na ƙauyensu, wanda ya girma da igiya a ƙafa a gindin tsamiya, yara na jifansa. Ta buɗe baki za ta ce ɗana ne, a bar mini shi, amma bakin bai saba ba. Ta ce, "To," ta ji ta tsani kanta.

Ran Juma'a da safe ta bi su har Mile 12. Aka ɗora yaron a kan tarin buhunan da aka zazzage, da albasa ɗaya a hannunsa yana juya ta. Direba ya tayar da mota. Nan wani abu ya tsinke a ƙirjin Kalsum, ta manta da 'yan dako, ta manta da ƙanen mijinta, ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Mahbub! Mahbub!"

'Yan dako suka waiwayo da kaya a kansu. Mu'azu ya waiwayo, Isma'ila ya waiwayo baki sake, har direba ya leƙo ta taga. Yaron bai ɗago ba, yana can yana juya albasarsa har motar ta fita ƙofar kasuwa.