Unguwar da Ba a Amsa Sallama

Barci ya sace ni bayan azahar a rumfarmu ta dillalan filaye, takardun cinikin Malam Hambali na kan ƙirjina. Abokina ne tun muna firamare. Washegari zai sayar da gidan gadonsu na cikin gari ya sayi filaye shida a Tudun Marke, domin na rantse masa gwamnati za ta kai sakatariya can. Na san sabon gwamna ya soke maganar tun watan jiya, amma kwaɗayin la'ada ya ɗaure mini baki.

Sai na gan ni a wani birni mai gidaje iya ganin ido, fenti sabo fil, ba hayaƙin girki, ko akuya babu. Wani dattijo mai igiyar awo a kafaɗa ya ce in biyo shi.

Muka tarar da wani mai babbar riga yana ɗauke da allon ƙarfe a ka. Duk inda ya kafa shi sai ƙasa ta tofo shi. Dattijon ya ce kwamishina ne, wanda duk shekarar zaɓe yake kafa allon za a gina jami'a, bayan ya saye gonakin wurin da sunan surukansa. Filaye su yi tashin gwauron zabo, ya sayar, jami'a kuwa shiru.

Gaba kaɗan ga attajirai tsaye cikin ruwan sama, kowa da damin makullai masu zafi a wuya, ba wanda yake buɗe ƙofa. Su ne suka sayi gidaje suka kulle suna jiran tsada, alhali magidanta na cushe da iyali a ɗaki guda. Na ga ma'aikacin ofishin filaye ana auna masa kabari, da ya kwanta sai wani ya zo da takarda mai sa hannun ma'aikacin ya ce kabarin nasa ne. Na ga 'yan'uwana dillalai suna kwasar yashi da tafin hannu, irin wanda muke zubawa a kangon fili don mai saye ya ɗauka gini ya kankama. Nan na sunkuyar da kai.

Can ƙarshe muka tsaya a wani gidan bene, sunana a jikin ƙofa. Wallahi har na ji daɗi. Na ce, "Baba, to ina azabar a nan?"

Ya ce, "Yi sallama."

Na yi. Na bi layin gida-gida ina yi har muryata ta dishe, bango kaɗai ke maido mini da ita. Kaɗaici ya kama ni, irin wanda ban taɓa sani ba.

Ya ce, "Masu amsa maka ka sayar da su ɗaya bayan ɗaya, Tanimu. Saura mutum guda, shi ma gobe ne."

Na waiwaya, shi ma babu shi.

Sai na farka. Abokan sana'a duk sun tafi sallar la'asar, ba wanda ya tashe ni. Na yi salla ni kaɗai, na nufi cikin gari da ƙafa.

Kafin in rufe baki Malam Hambali ya amsa sallamata, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure yana tsokanata wai na yi sammakon gobe. Na ajiye takardun gabansa na ce, "Malam, kada ka sayar da gidan nan. Babu wata sakatariya. Na sani, na yi maka ƙarya."

Ya tashi ya shiga cikin gida. Bai kore ni ba, bai kuma naɗe tabarmar ba. Na zauna ina jira.