Shokozobar Motar Mlotshwa

"Ɗaga kaɗan! Kai Velaphi, ɗagawa na ce, ba karyawa ba!"

Velaphi na kwance ƙarƙashin motar, tsatsa na zubo masa a ido. Sabuwar shokozobar baya, mai rage girgizar mota, ta ƙi zama. Ta ɗauru a sama, amma a ƙasa ramin ya goce wa ƙusar da faɗin ɗan yatsa. Ya tura, ya ja, har ya ɗaye fatar hannu.

"Tsoho, wannan ba tata ba ce."

"Tata ce. Kai ne ba nata ba," in ji Mlotshwa. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Yana zaune a bakin gareji, lulluɓe da bargo duk da zafin Bulawayo. Tun suna aikin jirgin ƙasa suke maƙwabta, shingen waya kawai ya raba gidajensu. Motar kuwa 'yar Ingila ce, koriya, kujera biyu, ba rufi. Tun rasuwar matar Mlotshwa take kan bulo. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, sai ɗansa Nqobizitha ya zo daga Johannesburg da kayan gyara a kwali, ya riƙe hannun Velaphi ya ce, "Baba, a taimaka a tashe ta, ko tsoho ya sha iska a duwatsun Matopos."

Mlotshwa ya leƙo ya ce, "Ka bar gindinta yana lilo a sama, ina za ta kai? Sa jak a ƙarƙashi, nauyinta ya hau sifirin."

Velaphi ya sa jak, ya ɗaga a hankali. Ramin ya zo daidai, ƙusar ta shige kamar an shafa mata mai. Ya ɗaure noti, suka sauke ta. Ya danna bayanta, ta lotsa ta dawo ta tsaya cak.

"Lahadi," in ji tsohon, idonsa na ƙyalli. "Kai za ka tuƙa. Amma in ka wuce da ni ta rami, na tsine maka."

Ba a kai Lahadin ba. Washegari Velaphi na cin tuwon rana ya ji ƙarar sarƙa. Ya fito ya tarar da babbar mota a ƙofar maƙwabcinsa, ana jan koriyar sama. Nqobizitha na tsaye da wani baƙo mai gajeren wando.

"Ina za a kai ta?"

Nqobizitha ya kawar da kai. "An sayar, Baba. Tun kafin in zo. Mai sayen ne ya ce sai an gyara bayan."

"Da hannuna ka yi wannan?"

"To wa zai hau ta? Kai ma ka ga yadda yake."

Velaphi ya wuce shi ya shiga ɗakin tsohon. Mlotshwa ya ja jiki har taga, yana riƙe da labule. Ya ga komai. Ya juyo, ya daɗe yana kallon hannun Velaphi, inda baƙin mai ya maƙale a farce.

"Shi ya sa ka dage."

"Na rantse ban sani ba."

"Shi ɗana ne, na san halinsa. Kai fa?"

Ya koma ya kwanta, ya juya wa ƙofa baya. Velaphi ya yi ta zuwa, yana kawo kunu, yana maimaita maganar. Ko tsohon ya ji, ko bai ji ba, bai sake buɗe masa baki ba. Ranar Talata da hantsi ya cika.

A wurin makoki Nqobizitha ya yi jawabi, ya gode wa maƙwabci na gari. Velaphi bai ɗaga kai ba. Da mata suka fara waƙar coci sai ya zame ya fita baya.

A gareji, an cika gurbin motar da kujerun haya. Wata tsohuwa da bai sani ba ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa a inuwa, tana ɓare gyaɗa a cinyarta.