Goma Sha Ɗaya a Bakin Rafi

Shekara tara ke nan Badaruddeen Auta yana ƙirga mutane ba tare da an sa shi ba. A masallaci ya ƙirga sahu, a jirgin ƙasa daga Mushairib ya ƙirga na tsaye. Tsohon aikinsa ne ya bar masa wannan ɗabi'a. Kafin ya zo Doha ya riƙa kai ma'aikatan gas tsakiyar teku, ƙaramin helikwaftan sintiri na soja yake tuƙawa can gida, a arewa maso gabas. Jirgin ba ya kwasar kowa. Aikinsa ya gani, ya ƙirga, ya faɗa.

Rana ɗaya ce ta ƙi barin sa. Da la'asar ya hango motar soja a ƙone, da mutum goma sha ɗaya kwance a bakin wani busasshen rafi. Rediyonsu ta mutu. Daga sama yana ganin abin da ba sa gani: an yi musu kwanton ɓauna a titin da za su bi. Man jirginsa kuma ya kusa ƙarewa. Sai ya ba na kusa da shi tuƙi, ya yagi gefen taswira ya yi rubutu, ya cusa a gorar ruwa ya jefa musu. A ƙarshen takardar ya ce zai dawo.

Bai koma ba. Da suka sauka aka ga harsashi ya huda bututun mai, aka hana jirgin tashi. Sau ɗaya ya tambayi labarinsu, aka ce bataliyar ta yi asarar mutane a makon, ba a san ko su ne ba. Daga nan bai ƙara tambaya ba. Tsoron amsar yake ji.

Ran nan da hantsi ya je wani dogon bene a West Bay, gwajin lafiyar da ake yi wa matuƙa duk shekara. Ya miƙa katinsa a teburin masu gadi. Mai gadin, wani siriri mai tsagar kalangu, ya duba katin, ya dube shi, ya sake duba katin.

“Sannu da zuwa, yallaɓai. Na ga Auta. Ɗan gida ne?”

“Ɗan gida ne.”

“Sunana Ɗalhatu. A yi haƙuri da ni, duk Autan da ya biyo ta nan sai na tare shi. Na tare likita, na tare injiniya, har wani mai sayar da turare. Yallaɓai ya taɓa aikin soja?”

Badaruddeen ya miƙa hannu. “Ba ni katina, ina da likita ƙarfe goma.”

Ɗalhatu bai bayar ba. Ya zaro wata 'yar takarda daga bayan katin aikinsa, an naɗe ta a leda, ta yi ja saboda tsufa. Ya shimfiɗa ta a kan teburin. Gefen taswira ne. Badaruddeen ya gane rubutun tun kafin ya karanta, karkatacce, irin na wanda ya rubuta a kan cinya.

Kada ku bi titi. Ku bi rafi, ku yi gabas. Na ƙirga ku, ku goma sha ɗaya ne. Zan dawo in sake ƙirgawa. Auta.

Badaruddeen ya karanta har ƙarshe. Ya dafa teburin.

“Ban dawo ba,” ya ce.

“Ai mun lura, yallaɓai. Har wuyanmu ya ƙage da kallon sama.”

“An huda mini jirgi. Na so...” Bayanin da ya shekara tara yana shiryawa ya ga bai kai a faɗe shi ba. “Nawa suka fita?”

Shugaban masu gadin ya leƙo daga ɗaya teburin, ya nuna layin da ya fara taruwa. “Yalla, yalla!” ya ce da Larabci, wato a yi sauri.

“Minti biyu, mudir,” in ji Ɗalhatu, ko waiwaye bai yi ba. Ya zagayo teburin. Sai a lokacin Badaruddeen ya ga yana jan ƙafar hagu.

“Ka ga wannan? A rafin na samo ta. Ba na iya tsayuwa, jini kamar an buɗe famfo. Ni da bakina na ce su ajiye ni a gindin wata tsamiya, su bar mini ruwa da bindiga. Wallahi har an fara gyara mini wuri. Ban ga laifin kowa ba, tafiyar wuni biyu ce a cikin yashi. Sai Saje Dogara ya ɗauko takardar nan ya sake karanta mana da ƙarfi. Ya ce, ‘Ku marasa kunya! Mutumin sama ya ƙirga mu sha ɗaya. In ya dawo ya tarar da goma, uban wa zai yi masa bayani?’”

Ɗalhatu ya yi dariya, idanunsa sun kawo ruwa.

“Haka suka yi ta goyo na, ana karɓa-karɓa. Ko tsuntsu ya gifta sai Saje ya ce, ‘Ga shi nan, ku jeru ya ga lissafinsa.’ Yana zagi na yana ɗauke da ni. Wai soja guda sai nauyi kamar buhun masara.”

“Nawa suka fita?” Badaruddeen ya sake tambaya.

Ɗalhatu ya ciro waya, ya lalubo wani hoto, ya miƙa masa da hannu biyu.

“Wannan ranar da muka isa sansani ne. Ni ba zan faɗa ba. Kai ka ce za ka sake ƙirgawa.”

Hoton ya ɗan dushe. Mutane ne a jikin wata katanga, leɓuna a fashe, kaki ya koma kalar ƙasa. Badaruddeen ya sa yatsa ya fara daga hagu, kamar yadda aka koya masa. Ya kai goma ya tsaya. Sai ya ga na ƙasa, kwance a kan ƙyauren da aka ciro, ya ɗaga babban yatsa.

“Sha ɗaya,” ya ce.

“Sake dai, yallaɓai, kada a ce mun yi maka maguɗi.”

Ya sake. Sha ɗaya.

“Alhamdu lillahi,” ya ce a hankali. Ya ƙara faɗa. Ya kama hannun Ɗalhatu ya riƙe, ya rasa wanda ya kamata ya gode wa wani a cikinsu.

“Saje yana Kaduna, kaji yake kiwo yanzu,” in ji Ɗalhatu. “In na tashi ƙarfe biyu zan kira shi. Amma ka shirya, zai ce ka makara.”

“Na makara. Zan jira ka a nan.”

Ya karɓi katinsa ya shiga lif. Mutane suka biyo shi har ta cika. Sai da ya fita a hawa na ashirin ya lura bai san ko su nawa ba ne.