Waƙar da Muka Ji a Ƙasan Kwalekwalen Tonton Kakpo

Kimiyyar fiziks na karanta a jami'ar Kalabi da ke kusa da Kwatano, kuma a shekarata ta ƙarshe duk wanda na tambaya abin yi, amsa ɗaya yake ba ni: koyarwa. Ranar baje kolin ayyuka na zaga rumfunan bankuna da na kamfanonin waya, babu mai neman irina. Can ƙarshen layi na tarar da wata mata mai furfura zaune ita kaɗai da tebur da abin sauraro na sawa a kunne. Ta ce sunanta Dakta Zinsu, ta miƙo mini. Na ji wani kuka mai tsawo, kamar saniya tana rera waƙa a cikin rijiya.

Ta bayyana mini cewa muryar balen ce, manyan kifayen nan masu haihuwa da shayarwa, waɗanda ke zuwa gaɓar Kwatano duk damina. Cibiyarta tana ba masu kammala karatu uku gurbin horo na wata shida, da ɗan alawus. Masu ilimin dabbobi sun yi mata yawa, wanda ya san lissafin sauti take nema. Na cike takarda a tsaye. Bayan mako biyar aka kira ni.

Kwalekwalen da muke haya na wani tsohon masunci ne, Tonton Kakpo, wanda ya shekara arba'in a teku. Aikina in zura makirfo mai doguwar waya cikin ruwa, in naɗi abin da na ji. Fita shida na farko babu abin da na naɗa sai ƙarar injin jiragen dakon kaya, babu abin da na tsinana sai amai. Tonton yakan juya wa Dakta ya ce, "Madam, wannan 'yar taki digirinta na ciyar da kifi ne? Tuwon akasa na jiya ma ta ba su duka." Sai ya miƙo mini citta in tauna.

Fita ta bakwai ta zo a tsakiyar Satumba, da hantsi. Mun yi nisa har gine-ginen gari sun koma kamar ƙwayar shinkafa. Tonton ya kashe inji, na zura waya, na sa abin a kunne. Nan take na cire shi don ƙarfin sautin. Abin mamaki, da na cire ban daina ji ba. Waƙar tana tasowa ta katakon da nake zaune a kai, tana bin ƙafafuna har haƙarƙarina. Ruwan gorar da ke gefena yana rawa. Na duba allon na'ura, layin sautin ya cika shi har ya fice.

Dakta ta ɗaga hannu alamar kowa ya yi shiru. Ta raɗa mini cewa namijin ne ke waƙa a ƙarƙashinmu. Ba a jima ba ruwa ya kumbura a hannun dama, wani baƙin tudu ya taso a hankali, ya yi ta tasowa har ya fi kwalekwalenmu tsawo. Wata balen ce, ta fesa numfashi sama, feshin ya sauko mana da ɗumi da ƙarni. Uwa ce. A jikinta akwai ɗanta, wanda shi kansa ya kai motar haya girma, yana ta gogar ta. Ta karkata gefe, idonta ya fito saman ruwa, ta dube mu. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai na manta da na'ura, na manta da tsoro, hawaye na zuba ban san dalili ba. Da ta so kifar da mu, bugun jela ɗaya ya isa. Sai kawai ta nutse, ɗan ya bi ta, ruwan ya kwanta sumul kamar an shafa mai.

Waƙar ta ci gaba. Na lura Tonton yana kallon abin sauraron da ke cinyata, na miƙa masa. Ya sa, ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai motsa ba. Da ya cire sai ya ce mahaifinsa yakan faɗa musu cewa teku na kuka a wannan watan, in mutum ya kwanta a cikin kwalekwale zai ji. Shi ma ya sha ji, yana ɗauka iskokai ne, yana hanzarin barin wurin.

"Senami," in ji shi, karo na farko da ya kira sunana, "shekara arba'in ina wucewa ta kan rufin gidansu, ban taɓa sanin masu gidan na magana ba."

Minti hamsin da biyu muka naɗa a ranar. Na yi wata biyu ina rarraba su a kwamfuta, na ga waƙar tana da baituka da suke maimaituwa a jere, ba sa tsallake juna. A Nuwamba balen suka kama hanyar kudu, ruwan ya koma na injuna. Dakta ta aika rahotona ga abokan aikinta a Afirka ta Kudu, su kuma suka ba ni gurbin digiri na biyu.

Na je garinmu Bohikon in gaya wa mahaifiyata. Ta saurara tana ɓare gyaɗa, ta sa na kunna mata naɗin a waya har sau biyu. Damuwarta ɗaya, me za ta ce wa matan kasuwa in sun tambayi aikina. Na yi ta neman kalma mai nauyi ban samu ba. Ta ce in bari, za ta ce 'yarta tana sauraron kifi, wadda ba ta yarda ba ta zo gida ta ji da kunnenta. Sannan ta tashi ta fara lissafa mini irin yajin da zan tafi da shi.