Ranar da Tela Ya Kama Kofur

"Je ki gaya wa mai aski na miƙa wuya," in ji Baba Tela. "Ki ce ya zo ya ji da kunnensa."

Ina tsaye bakin gadon, na dubi matarsa, ita ma ta dube ni. Mun ɗauka ciwon ne ya fara taɓa masa kai. Shekara da shekaru kantina yana tsakanin shagon Tela da na mai aski, na sha surutun tsofaffin nan har na ƙoshi, kullum a kan magana ɗaya: wa ya fi kowa iya tsara yaƙi a tarihin duniya. Sahabbai kam tun farko suka yarda a bar su gefe, ba a saka su cikin musu. Tela na Hanibal ne, janar ɗin nan ɗan Afirka da ya tsallaka duwatsu da giwaye ya je ya addabi Rumawa. Mai aski kuwa Nafoliyon na Faransa ne gwaninsa, shi ya sa Tela ya laƙaba masa Kofur, don an ce haka sojojin Nafoliyon ke yi masa laƙabi. Sunan ya bi shi, har jikokinsa Baba Kofur suke ce masa.

Abin haushi, a cikinsu ba wanda ya taɓa riƙe bindiga. Wannan almakashi, wancan aska. Sai ka ga an bar bawan Allah zaune da rabin kai a aske, Kofur ya tsallako shagon Tela yana kumfar baki. Tela kuma ya share teburin yanka, ya jera maɓallai, ya nuna yadda Hanibal ya sa tsakiyar rundunarsa ta yi ta ja da baya kamar an ci ta, Rumawa suka biyo da murna, hannun dama da na hagu suka rufe su, dawakai suka toshe baya. Ni da ba ruwana da yaƙi sai da na haddace shi tsaf, don dole.

Yanzu ga Tela a kwance. Likitoci sun sallamo shi, sun ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kowa ya san ma'anar wannan. Unguwa ta yi ta shigowa dubiya, amma ban da Kofur. Kullum da safe zai zo bakin ƙofar gida, ya tambayi Auta, 'yar Tela ta ƙarshe, yaya mai jiki ya kwana, ya juya. Tun da tasa matar ta cika a gabansa bai ƙara iya taka ɗakin majinyaci ba. Tela na jin muryarsa ta taga, sai ya juya fuska bango. Wannan ya fi ciwon cin ransa, kuma ni ma ya ci nawa. Na sami Kofur a shago na wanke shi tas, na ce wace irin abota ce wannan, mutum zai tafi bai ga fuskarka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "'Yar nan, ba zan iya ba." Washegari ma a bakin ƙofa ya tsaya.

"Baba, ka tabbata?" na tambayi Tela. "Kai ne za ka ce Nafoliyon ya fi?"

"Ke dai kai saƙo." Ya ɗago yatsa da ƙyar ya nuna matarsa. "Ke, ki dafa shayi ki tsaya da faranti a lungun nan na hagu. Auta, ki riƙe kujera ta dama. Kada wadda ta motsa sai na yi tari." Sannan ya juyo kaina, idanun nan da suka faɗa suna ƙyalli. "Ke kuma Mai Kanti, ke ce dawakaina."

Nan na gane. Na toshe baki da mayafi na fita, kada dariya ta tona mana asiri.

Na tarar da Kofur yana wasa aska, ba kowa a shagon. Da na isar da saƙo sai hannunsa ya tsaya cak.

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa. Amma ya ce ba zai maimaita wa ɗan aike ba, sai kai."

"Ƙarya yake. Mutumin da ko rana ta fito zai ce wata ne."

"To shi ke nan. Sai in ce masa ka ji tsoro."

Ya harare ni, ya shiga zagaye shagon yana taɓa wannan yana ajiye wancan. Ina ganin yadda abu biyu ke jansa, tsoron ɗakin da kuma kwaɗayin abin da ya yi rabin rayuwarsa yana jira. Can ya ɗauki hularsa ta fita unguwa, ya karkaɗe ta.

"A bakin ƙofar ɗaki zan tsaya," ya ce. "Daga nan ma ina ji."

Haka kuwa ya yi. Ya kama ƙyauren da hannu ɗaya, ƙafa ɗaya a waje, idonsa na kan silin, ya ƙi kallon gadon.

"Mai Giwa, sannu da jiki. An ce kana nemana."

"Kofur, na yi tunani," in ji Tela. "Giwayen nan da nake cika baki da su, yawancinsu ba su kai ko'ina ba. Sanyi ya kashe su."

"Ai na sha gaya maka."

"Ka gaya mini." Sai ya sassauta murya ya ƙara faɗin wani abu.

"Me ka ce?" Kofur ya saki ƙyauren, ya shigo taki ɗaya.

"Na ce birnin Rum ɗin ma bai taɓa shigarsa ba."

"Yauwa. Ya je har bakin ganuwa ya tsaya yana kallo kamar baƙo. Gwanina fa? Birane nawa ya shiga da ganguna?"

"Da yawa." Muryar ta ƙara yin ƙasa, ni kaina da ke bayan labule sai da na kasa kunne. Kofur ya ƙara matsowa, ya wuce keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Ya manta da silin, ya manta da kwalaben magani da ke kan tebur, bakinsa har kunne.

"Kuma a ƙarshe a ƙasarsa aka ci shi da yaƙi," in ji Kofur. "Faɗi mana, kada ka haɗiye."

Leɓɓan Tela suka motsa, ba abin da ya fito.

"Ɗaga murya, Mai Giwa, wa ya fi?" Ya dafa katifa, ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa bakin Tela.

Tela ya yi tari.

Matar Tela ta fito ta hagu da farantin shayi ta tsaya wa Kofur a kafaɗa. Auta ta turo kujera ta dama har ta buge shi a bayan gwiwa, ya zauna daɓas bai shirya ba. Ni kuwa na jawo ƙofa na rufe, na jingina da ita, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramar mace ba ce. Hannun Tela, da muke zaton ko cokali ba ya iya ɗagawa, ya cafke wuyan hannun Kofur.

"Waiwaya," in ji Tela, da muryarsa ta shago, garau.

Kofur ya duba hagu, ya duba dama, ya waiwayo ya gan ni. Ya yi tsuru-tsuru. Sai a lokacin ya dubi abokinsa sosai, ya ga yadda ciwo ya cinye shi, ya ga kuma irin murmushin mugunta da ke fuskarsa.

"Tsakiya ta ja da baya," ya faɗa a hankali.

"Ka biyo da murna."

"Kai, amma ka cuce ni."

"Da na nuna maka da maɓallai ka ce tatsuniya ce, wai ba janar mai hankali da zai faɗa wannan tarko. To ga ka a ciki, da hularka ta fita unguwa. Wa ya fi?"

Kofur ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ya kifa goshi a kan hannun da ke riƙe da shi. Mu ma duk muka kama, Auta na dariya tana share hanci da bakin zane. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

"Hanibal," in ji Kofur. "Na yau dai."

"Ban ji ba. Mai Kanti, kin ji?"

"Ban ji ba, Baba."

"Hanibal ne. Allah ya isa tsakanina da ku duka."

Tela ya lumshe ido yana murmushi. "Madalla. Fursuna kuma aiki ake ba shi. Dubi fuskata, na zama kamar bunsuru. Gobe ka zo da kayanka."

Ya zo, kuma bai ƙara fashi ba. Kullum da hantsi zai shigo da 'yar jakarsa ba mai jansa, ya zauna a kujerar nan har azahar. Musun ma ya dawo sabo, don Kofur ya ce shaidar da aka karɓa a hannun fursuna ba ta da inganci. Da yake gidan Tela na bayan shagonsa, ina jiyo su daga kanti, na daina jin haushi.

Ranar da abin ya zo ina ɗakin, na kawo wa matar Tela sukari. Kofur ya ɗaura wa Tela tawul a wuya, ya gyara masa gemu, ya aske gefen kumatu, yana ta bayanin cewa sanyin Rasha ne ya ci gwaninsa, ba wani janar ba. Tela ya ce, "Uzuri," ya yi 'yar dariya. Sai numfashinsa ya canza. Kofur bai tashi ba, bai dubi ƙofa ba. Ya ajiye aska, ya tallafi kan abokinsa, ya shiga karanta masa kalmar shahada a kunne, Tela na bi, har ya yi shiru.

Matar Tela ta yi salati, Auta ta durƙushe a gefen gado. Kofur ya shafa masa ido ya rufe. Ya daɗe yana kallon fuskar, sannan ya jiƙa bakin tawul a ruwan ɗumi, ya goge ɗan sauran kumfar da ta rage a ƙarƙashin kunnen hagu.