Idon Matar Haliru

Shekarar da Turawa suka kwashi samari zuwa yaƙin Bama, Haliru ya tafi ya bar matarsa Safinatu da ƙaramin ciki a hannun ubansa Na'Allah, can Mandera. Gidan ba kowa sai su da Inno, yayar Na'Allah, wadda ganinta ya daɗe da dushewa.

Da cikin ya kai wata bakwai, Na'Allah ya ji dakan Safinatu ya sake. Da, taɓarya kan sauka sau arba'in kafin Safinatu ta huta. Yanzu tara. Ƙamshin man gyaɗa ma amai yake sa ta. Haka uwar Haliru ta fara, har idonta ya yi ɗorawa, shawara ta tafi da ita da abin da ke cikinta.

To, yaya zai ga idon Safinatu? Shekara biyu ba ta taɓa ɗaga kai gaban surukinta ba.

"Inno, duba min idon yarinyag ga."

"Ni da ba ni rarrabe ka da jakinka sai ka yi magana?"

Kwana uku yana juya abin. Sai ya aro madubin wanzami, ya shanye furarsa, ya ajiye shi a gindin ƙwaryar. Safinatu ta durƙusa za ta ɗauka, shi yana tsaye kanta kamar mai neman takalmi. Ya gani. Ɗorawa.

Da safe ya aza ta bisa jaki sai Bodinga. Malamin asibiti ya ja fatar idonta, ya ɗaga fitsarinta a kwalba, ja wur kamar shayi.

"Baba, shawara ce, kuma ba ta da allura. Ga mai ciki ta fi haɗari. Ban da jiƙon wankin ciki. Ta kwanta, kunu da tafasasshen ruwa, ƙwaryarta daban. In aka kira ta ba ta amsa ba, ku dawo da gudu."

"Da gudu," in ji Na'Allah, yana kallon jakin.

Shi ya koma daka, matan maƙwabta na dariya ta bayan darni. In hannu ya gaji sai ya je bakin ɗakinta ya kira, ta amsa, ya dawo turmi.

Ɗan ya zo tun lokaci bai yi ba, bai ko yi kuka ba. Na'Allah ya kai shi makwancinsa, ya dawo da ƙasa a gwiwa, ya tsaya bakin ƙofa.

"Safinatu."

Shiru. Kaza ta wuce.

"Na'am, Baba."

Ya zauna nan ƙasa inda yake. Har la'asar bai iya tashi ba.