Gwajin Langa a Illo

A shekarar da za a ba mu mulkin kai, aka aiko daga Birnin Kebbi cewa za a yi gasar langa cikin bukin, kuma ƙasar Gwandu za ta fitar da ƙungiya guda. An sami ruwa, wato ɗan wasan da ake karewa har ya kai gida ya sha, an sami masu tsaronsa. Abin da ya rage shi ne mai kai hari, wanda zai keta masu tsaron abokan karawa ya kayar da ruwansu kafin ya isa wurin sha. Gurbi ɗaya tak, aka ce a nemo mai cike shi daga wajenmu, bakin kogin Kwara. Aka ɗora wa Sodangi na Bagudo wannan aiki, don a zamaninsa ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba a fagen langa. A lokacin ya manyanta, ya ajiye teɓa, yana ɗinki a bakin kasuwa. Amma idonsa na nan, zafin ransa ma babu abin da ya ragu.

Tun ranar da labari ya bazu Sodangi bai sake shan ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Duk mai ɗa namiji ya zama masanin langa. Wannan ya kawo nasa ya ce a dubi ƙirji, wancan ya ce nasa shi kaɗai yake ɗaga buhun gero. To, langa da buhun gero ina haɗinsu? Mutum yana kan ƙafa ɗaya, hannu ɗaya na riƙe da yatsan ɗayar ƙafar ta baya, in ya saki ko ya faɗi ya fita. Abin da Sodangi ke nema daban ne. Yana duban tsallen farko, ko mutum na tashi ne tun kafin mai tsaro ya gama daidaita tsayuwa. Yana duban tsawon hannun da ke sake, da yadda mutum zai sunkuya ya kewaye mai tsaro ba tare da ƙugunsa ya yi rawa ba. Ƙartin da aka yi ta kawo masa kuwa, kafin su yi tsalle biyu ruwa ya kai gida har ya huta.

A duk Bagudo mutum ɗaya ya ɗan kwanta masa, wani ɗan siriri mai suna Ɗanaudu. Akwai sauri, akwai wayo, yana zille wa masu tsaro yadda ya ga dama. Sai dai in ya isa ga ruwa ya banke shi, sau da yawa shi ne ke komawa da baya. Sodangi ya ce a ajiye shi a gefe, in an rasa. Sannan ya ji ana maganar wani Kimba a Illo, ɗan Malam Maliki mai rini. Ya ɗauki Ɗanaudu don a gwada su tare, suka shiga kwalekwale suka ƙetare.

Da la'asar sakaliya aka share fili a bayan kasuwar Illo. Samarin garin suka tsayar da ruwansu, wani Bunyaminu, suka kewaye shi da masu tsaro. Da Kimba ya cire riga ya kama yatsa, Sodangi ya gyara zama. Dogo ne, ba shi da wani jiki na a zo a gani, amma hannunsa har kusan gwiwa. Aka ba da alama. Kafin mai tsaron farko ya motsa, Kimba ya wuce ta ƙarƙashin hammatarsa. Na biyu ya zo da kafaɗa, ya sa masa tafi a ƙirji ya ture shi kamar yana buɗe kyauren kara. Sodangi ya miƙe tsaye bai sani ba. Ga Kimba ga Bunyaminu, babu kowa a tsakani. Sai Kimba ya rage tsalle, ya sunkuyar da kai, ya bi ta gefe. Bunyaminu ya wuce abinsa ya sha.

Sodangi ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa, abu ɗaya. Yaro zai watsar da masu tsaro, ya iso, ya tsaya yana kallon ƙasa. Abin da ya fi ƙona wa Sodangi rai shi ne mutanen Illo ba su ga wani abin mamaki ba, tafi ma suke yi. Ya juya ya tambayi wani dattijo da ke kusa da shi ko yaron nan tsoro gare shi.

Dattijon ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Tsoro? Ai surukinai na. Ƙanwar Bunyaminu, Kubura, ita shika aure. Ƙaƙa za shi kada yayan matatai gaban jama'a?"

Sodangi ya haɗiye abin da ya zo masa baki, ya ce to a canza ruwa. A nan ne ya san ya shigo Illo. Wanda aka fara kawowa ƙanen mahaifiyar Kimba ne, ko da yake sa'anni suke. Na gaba ɗan malaminsa ne na allo. Wani kuma shi ne babban abokin ango ranar bukinsa, ga shi ya girme shi. Duk wanda aka tsayar, sai Kimba ya iso ya yi ladabi. Waɗanda zai iya bankewa ba kunya duk ƙanana ne, kayar da su ba zai nuna komai ba. Aka tsayar da Ɗanaudu, Kimba ya ɗan taɓa shi da yatsu sai ga shi ya zube, wannan ma bai zama gwaji ba.

Washegari Sodangi ya yi dabara. Ya ce a ƙetara iyaka a samo masa ƙato daga Dahome, tunda su ƙasarsu daban, har sun riga mu karɓar mulkin kansu. Aka je aka zo da wani jibgege mai jin Dandanci kawai. Yana shigowa fili Kimba ya saki yatsa ya durƙusa ya gaishe shi. Ashe ɗan yayar mahaifiyarsa ne, a gidansu ma aka yaye shi. Turawa sun ja iyakarsu, amma ba su tambayi wa ke auren wa ba.

Jama'a suka ce ai Sodangi ya ga abin da ya gani, ya ɗauki yaro kawai, a Birnin Kebbi ba shi da suruki. Shi kuwa ya ƙi. Ya ce ya sha ganin masu keta tsaro da kyau waɗanda in sun iso ga ruwa hannunsu ke mutuwa, kuma ba zai kai mutum gaban ƙasa guda bai taɓa ganin ya gama aiki ko sau ɗaya ba. Gaskiya yana da hujja. Amma taurin kai ma akwai shi, kowa ya san Sodangi. Yana son yaron nan har cikin ransa, shi ya sa haushin ya yi masa yawa.

Sai kawai aka ga ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Ɗanaudu, ya naɗe wando, ya kama yatsan ƙafarsa da ƙyar. Ya ce shi ne ruwa. Ya kira Kimba gaban kowa.

"Ni ba surukinka ba na, ban haɗa komi da kai ba. In kab bar ni nis sha, Ɗanaudu za ni ɗauka, kai ka zauna Illo ka ci gaba da gaisuwa. Ka ji ni?"

Kimba ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, kai babba na."

"A hili babu babba. Kama yatsa."

Aka jera wa Sodangi masu tsaro mafi ƙarfi, har da Bunyaminu da jibgegen Dahome. Aka ba da alama, Sodangi ya fara tsalle, teɓa na rawa. Ta wutsiyar ido ya ga Bunyaminu ya kai hannu ya kama iska. Ya ga jibgegen ya tafi taga-taga. Sannan kafaɗa ta same shi a ƙarƙashin haƙarƙari, daidai inda ya kamata, daga ƙasa zuwa sama. Ya tashi ya sauka kan kafaɗarsa ta dama, kowa ya ji ƙarar gocewarta. Yana kwance cikin ƙura, zafi na neman ɗauke masa numfashi, amma dariya yake yi. Tunda yake bai taɓa ganin hari mai tsabta irin wannan ba, ya sami mutuminsa.

Babu wanda ya yi tafi. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna kaɗa kai.

Bayan maɗori ya mayar da kafaɗar ya ɗaure, aka kai Sodangi zauren Malam Maliki, mahaifin Kimba. Ya shiga da murna zai nemi izinin tafiya da yaro, sai ya tarar da tsoho ya sauko daga buzu yana ba shi haƙuri, idonsa ya yi ja. Sodangi ya ce babu wani haƙuri, ya shiga yabon harin, yadda yaron ya sunkuya, yadda ya sa kafaɗa. Duk kalmar yabo da ya faɗa sai kan tsoho ya ƙara yin ƙasa.

"Malam, ni nac ce mishi shi yi."

"In babba yac ce ma yaro shi mare shi, sai shi mara? Kai baƙonmu na, ga hurhura ga kanka. Gaban garin ga duka yat tashe ka sama. Ba shi zuwa ko'ina. In nib bar shi yat tahi, cewa za a yi lada nib ba shi."

Sodangi ya yi lallashi, ya yi rantsuwa, ya yi faɗa har kafaɗar ta motsa. Ya nemo liman, liman ya saurara ya ce Malam Maliki ya fi shi gaskiya. Ya roƙi Bunyaminu ya sa baki, shi kuma ya ce ba ya iya ɗaga ido gaban surukin ƙanwarsa. Kwana ya ƙure, motar Birnin Kebbi ba za ta jira kowa ba. Dole ya aika da sunan Ɗanaudu, yana faɗa yana tsaki.

Da safe Kimba ya rako su bakin kogi, ɗauke da jakar Sodangi. Sai da Ɗanaudu ya shiga kwalekwale, aka tallafa wa Sodangi ya zauna, sannan ya matso ya durƙusa a bakin ruwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada mai tuƙi ya ji.

"Baba, na yi daidai?"

Sodangi ya dube shi. Ya ce, "Ka yi daidai."

Mai kwalekwale ya sa gora ya tura, Kimba ya miƙe ya koma marina.